Bawul ɗin EGR: A Wanke, a Canza, ko a Toshe?

 Sharhinmu na yau a gareji za mu yi shi, a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi dunƙulen hannu girma ba, wanda yawancin masu mota ba su taɓa ganinsa ba, ba su ma san yana jikin motarsu ba sai ranar da makanike ya faɗi kuɗinsa. Kanikawa suna kiransa bawul ɗin EGR. Aikinsa shi ne ya ɗebi wani kaso na hayaƙin da injin ya riga ya ƙone, ya hana shi fita ta salansa, ya mayar da shi cikin injin.

Duk wanda ya ji wannan bayani karon farko sai ya riƙe baki. Injin ya amayar da abu, a sake ɗura masa? To akwai dalili. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin. A sarari waɗannan biyun zaman lafiya suke yi, babu ruwan wani da wani. Amma a cikin silinda, idan mai ya kama da wuta, zafi ya haura digiri 1,300 a ma'aunin salshiyos, sai su haɗu su haifi wata iska mai guba da masana ke kira nitirojin oksayid. Wannan ba irin baƙin hayaƙin nan ba ne da ido ke gani yana tuƙuƙi a bayan tirela. Ba kasafai ake ganinta ba, sai dai ƙirji ya ji a jikinsa: tana tayar da asma, tana kumbura hanyoyin numfashi, kuma idan rana ta doke ta tare da tururin fetur sai su zama hazon da ke sa ido raɗaɗi.

Dabarar da injiniyoyi suka yi irin ta mai gasa masara ce a bakin titi. Idan garwashi ya yi jawur zai ƙona masa masara, ba ya kashe wutar, sai ya barbaɗa mata toka. Hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sake ci da wuta, saboda haka idan aka cuɗa shi da sabuwar iska sai ya sassauta zafin, gubar ta ragu. A injin fetur abin da ake mayarwa ba ya wuce kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na hayaƙin, a injin gas kuwa yana iya kaiwa rabi. Kuma ba kullum bawul ɗin yake buɗe ba. Idan injin yana da sanyi, ko mota tana silo, ko direba ya take totur har ƙasa, rufe yake a motar fetur. Sai mota ta yi zafi tana tafiya tsaka-tsaki yake buɗewa.

Abin ya samo asali ne daga Amurka. Hazon hayaƙin motoci ya daɗe yana addabar birnin Los Angeles, har majalisar ƙasar ta yi dokar tsabtace iska mai tsauri a 1970, kuma daga wajajen 1973 motocin can suka fara fitowa da wannan bawul. Turai da Japan suka bi sahu. Mu kuma da yake motocinsu muke hawa bayan sun gama da su, sai muka gaji bawul ɗin ba tare da mun gaji dokar da ta haife shi ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa waje, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. 'Yan Kwatano da 'yan Baljiyam ɗin da suka cika titunan Kano da Kaduna da Maraɗi daga cikin irinsu suke.

To mene ne ke kashe shi? Kunkunniya. Hayaƙi ba ya wucewa ta wuri bai bar alama ba. Shekara da shekaru baƙin yana taruwa a bakin bawul ɗin da cikin 'yan ramukan da hayaƙin ke bi. A motar gas abin ya fi muni, domin tururin baƙin mai da ke fitowa daga cikin injin yana haɗuwa da kunkunniyar ta zama wani danƙo mai kauri. Akwai Hilux ɗin da idan aka kwance mata manifol, hanyar iskar da ya kamata yatsu uku su shige, ɗaya ma da kyar. Kuma duk abin da ke ƙara hayaƙi muna da shi a wadace: cunkoson da mota za ta yi rabin awa tana silo, gajerun tafiye-tafiyen cikin gari da injin ba ya samun zafin kirki, ƙurar hunturu da ke toshe iyakilina, man 'yan bumburutu da ba a san me aka gauraya a ciki ba, da juyen baƙin mai da ake ta ɗagawa sai wata ya yi.

Idan bawul ɗin ya maƙale a buɗe, hayaƙi zai riƙa shiga a lokacin da ba a bukatarsa. Mota ba za ta riƙe silo ba, sai kakkarwa, ka tsaya a danja ta mutu, ka taka totur ta yi nauyi kamar ana riƙe ta. Idan kuma a rufe ya maƙale, ko ramukan suka toshe, motar fetur za ta riƙa ƙara ƙwas-ƙwas a cikin injin idan tana hawan tudu ko ta ɗauki kaya. A duka biyun, 'yar wutar nan mai hoton injin za ta kama a dashbod. Wutar da da yawanmu muka mayar ado. Na sha ganin direban da ya manna mata baƙin salatif don kada ta dame shi.

Ga inda matsalar take. Waɗannan alamomin ba na EGR kaɗai ba ne. Fulogi ya mutu, haka mota za ta yi. Kwayil ya tafi, haka. Nozul ya yi datti, ko wani tiyo ya tsage yana zuƙar iska, duk haka. Shi ya sa hirar da ake yi a gareji takan kasance kamar haka. Mai mota ya ce, "Malam, motar nan tana mutuwa a silo." Makanike ya saurari injin, ya karkace kai, ya ce, "Alhaji, EGR ne. Sai an canza." Alhaji ya ce, "Ka tabbata?" Ya ce, "Haba ranka ya daɗe, aikinmu ne." A sayo, a ɗaura, bayan kwana uku mota ta dawo da ciwonta. Sai a ce ai fulogi ne. Haka za a yi ta canki-canka har aljihu ya ƙone.

Ba ina zagin kanikawanmu ba ne. Mutumin da zai sauke injin a ƙarƙashin darbejiya, ya yi masa obahol ba tare da littafi ba, ya mayar ya tashi, ya wuce a raina shi. Amma motar yau ba Fijo 504 ba ce da kunne kaɗai yake isa. Tun daga 1996 kowace motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, Turai kuma ta wajabta nata a motocin fetur daga 2001. Idan aka jona, ƙwaƙwalwar motar tana faɗin ƙorafinta da lamba. P0401 na nufin hayaƙin da ke komawa bai kai yadda ake so ba. P0402 na nufin ya yi yawa. P0403 kuwa maganar waya ce da lantarki, aikin rewaya.

Sai dai a lura, na'urar ba ta ce "bawul ya mutu" ba. Cewa ta yi hayaƙi bai isa ba. Me ya hana shi isa, wannan aikin mutum ne. Masu Camry ɗin ƙarshen shekarun 1990, mai silinda huɗu, sun san P0401 sarai, kuma sau da yawa ba bawul ɗin ne mai laifi ba, wani ɗan makunni ne da ke sarrafa iskar da ke zuƙo shi, ko wani siririn tiyo da ya bushe ya tsage. Honda Accord ta wannan zamanin kuma an san ta da toshewar ramukan da ke cikin manifol. Ko sabon bawul dal ka ɗaura, muddin ba a sauke manifol an fasa toshiyar ba, wutar za ta dawo. A wasu motocin Ford, na'urar da ke auna ƙarfin hayaƙin ce ke lalacewa ta yi wa bawul ƙazafi. Akwai ma abin da ya fi wannan: motocin fetur da yawa ba su da wannan bawul kwata-kwata. Corolla da Camry mai silinda huɗu na wajajen 2003 zuwa 2008, da suka cika hanyoyinmu, injinansu suna rage zafin ne ta hanyar sauya lokacin buɗewar bawulolin kan silinda. Saboda haka mai sauraro, idan aka ce maka EGR ɗinka ya mutu, abu na farko ka ce a nuna maka shi.

Gwajin tsohon samfuri, wanda iska ke buɗewa, ba shi da wuya. A bar mota tana silo, a cire tiyon da ke kansa, a zuƙe shi da ɗan famfon hannu. Idan injin ya fara kakkarwa ko ya mutu, bawul yana buɗewa kuma hanya a buɗe take. Idan ko gezau bai yi ba, to ko dai bawul ya maƙale, ko robar cikinsa ta fashe, ko hanya ta toshe. Sabon samfuri mai lantarki kuma da na'ura ake umartarsa ya buɗe ya rufe, ana kallon abin da yake yi.

Mu ɗauka an gwada, kuma lallai sai an kwance. A nan ne gaggawa ke jawo asara. A bari injin ya huce, domin wurin hanyar hayaƙi ce, tana ɗauke fatar hannu. A cire kan batir na ƙasa. A zare soket ko tiyo a hankali, robobin nan sun sha zafi shekaru, kaɗan suke jira su karye. Notinan da ke riƙe da shi yawanci biyu ne zuwa huɗu, amma sun ci tsatsa. A fesa musu man sassauta tsatsa a ba su lokaci, don idan aka matsa wa ɗaya ya karye a cikin kan silinda, aikin awa ɗaya ya koma na kwana biyu da kuɗin mai walda. Idan bawul ya fito, kafin a aiki yaro kasuwa, a dube shi. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, datti ne kawai. A jiƙa bakinsa da man wanke kabireta, a goge da buroshi har sandar cikinsa ta riƙa motsi ba tangarɗa, amma kada a tsoma kan lantarkin cikin mai ko fetur, nan take zai tashi aiki. Sannan a bi ramukan da ke jikin injin da 'yar waya mai laushi, a yi hattara kada ɓarɓashin ya zube cikin manifol.

Idan wanki bai yi ba, wato motar lantarkin da ke cikinsa ta ƙone, ko robar ta fashe, ko bakin ya cinye ba ya rufewa ruf, to babu makawa sai canji. A kankare tsohon gasket tas, a sa sabo. Kada a mayar da tsohon, kada kuma a yanko kwali ko a shafa gam, wutar wurin ba ta san wannan ba. A fara ɗaura noti da hannu, a riƙa ƙara musu ƙarfi bi da bi, kada a danne ɗaya a bar ɗaya, kuma kada yaron gareji ya sa wa sifana bututu ya hau kai; jikin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo. A mayar da soket, a mayar da batir, a goge lambar da na'ura. Wasu motocin, musamman na Turai, sai an sanar da ƙwaƙwalwarsu cewa an sa sabon bawul kafin su daidaita. Daga nan a fita da mota kan babban titi ta yi zafi sosai, a dawo a sake jona na'ura. Kada a biya kuɗin aiki a bakin gareji mota ba ta taka ko'ina ba.

Masu motar gas, ku ƙara da wannan: kusa da bawul ɗin akwai wani ɗan akwati da ruwan lagireto ke bi ta cikinsa yana sanyaya hayaƙin. Idan ya tsage ta ciki, ruwa zai riƙa raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi yana fita ta salansa. Mutane da yawa sun sauke kan silinda a kan wannan, alhali gasket ɗinsu lafiya lau.

Sayen kayan shi ma karatu ne. Ko a Ƙofar Ruwa kake, ko Fanteka, ko Apo, ko Ladipo, abu uku za a ɗora maka a kan tebur: sabo na kamfani mai tsada, sabo na kwaikwayo mai araha, da ɗan Baljiyam da aka kwanto daga wata motar. A ganina ɗan Baljiyam mai kyau ya fi jabun sabo, amma ka tuna shi ma hayaƙin wata ƙasa ya sha kafin ya zo, a wanke shi a gwada kafin a ɗaura. Ka tafi da tsohon a hannu, a haɗa lambar da ke jikinsa da ta wanda za a ba ka, a ƙirga ƙafafun soket. Kamanni ba ya isa. Kama da wane ba ta wane. Kuma ka yi sharaɗi da mai shago cewa idan bai yi ba za ka dawo da shi.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauko wannan batu tun farko. Akwai hanya ta uku da ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma ita ce aka fi so: a yanko ɗan faranti, a cusa tsakanin bawul da injin, a toshe hanyar baki ɗaya. Masu kwamfuta kuma su shiga ƙwaƙwalwar motar su goge shi, wuta ta daina kamawa. Sai ka ji makanike ya ce, "Oga, wannan abin na Turawa ne, mu nan ba ya mana amfani."

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta: a motar gas, wanda ya toshe yakan ga manifol ɗinsa ya daina cika da danƙo, wani lokaci ma motar ta ɗan ƙara kuzari a ƙaramin gudu. Ba ƙarya kanikawa suke yi ba. Amma a motar fetur cinikin asara ne, domin zafin da aka ƙera injin ya guje masa shi ka dawo da shi. Ƙwas-ƙwas ɗin nan tana cin fistin a hankali, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙa ja da wutar fulogi baya don ta kare injin, mai ya ƙara tafiya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ban san mai motar da ke neman ƙarin shan mai ba. A motocin gas na zamani masu matatar kunkunniya a salansa, toshewar tana rikita lissafin ƙwaƙwalwa har mota ta ƙi gudu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ko da ma motar ba ta cutu ba, wa ya cutu? Mai mota yana ciki, gilashi a rufe, sanyi yana kaɗa shi. Salansa a baya take, kuma a daidai fuskar wa? Ɗan acaɓa, da fasinjan A Daidaita Sahu, da yarinya mai tallan gyaɗa a danja, da jami'in da ke ba da hannu tun safe, da jaririn da ke goye. Su ne ke shaƙar abin da farantin ya saki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta rage adadin iskar nitirojin oksayid ɗin nan da take ganin jiki zai iya jurewa a shekara daga 40 zuwa 10 a ma'auninta, domin bincike ya nuna illarta ta fi yadda ake zato. Huhun Bature da na Bahaushe iri ɗaya ne.

Kuma kada a ɗauka ƙananan kanikawa ne kaɗai ke wannan wayon. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin kamfanin Volkswagen, wanda ya dasa wata manhaja a motocinsa na gas kusan miliyan 11 a duniya. Manhajar tana gane lokacin da ake gwada mota, sai ta kunna duk na'urorin rage guba. Da an hau titi sai ta sassauta su, har wasu motocin suna fitar da ninki 40 na abin da doka ta yarda. Shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya yi murabus cikin 'yan kwanaki, kamfanin ya amsa laifi a kotun Amurka, tara da diyya suka lashe fiye da dala biliyan 30. A kan wannan iskar dai. Abin da ya girgiza ɗaya daga cikin manyan kamfanonin mota na duniya, mu nan da guntun gwangwani muke yin sa, a ce Allah ya sa albarka.

Hukuma ma tana da nata kason. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa gas mai datti musamman don Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da sinadarin salfa har 3,000 cikin miliyan a man gas, alhali a Turai 10 ne iyaka. Injin da aka ƙera don 10 aka ba shi 3,000, ina bawul zai kai labari? Ghana ta sauko zuwa 50 a 2017, ƙungiyar ECOWAS ma ta amince da 50 ga ƙasashenta a 2020. Najeriya tana da ƙa'idar hayaƙin motoci ta hukumarta ta kula da muhalli, NESREA, tun 2011. Takardu dai akwai su. Abin da direba bai saba gani ba shi ne a zura wa salansarsa ma'auni kafin a ba shi takardar lafiyar mota. Muddin ba a auna mai a gidan mai, ba a auna hayaƙi a wurin sabunta takardu, faranti zai ci gaba da fin gyara araha.

Amma kafin hukuma ta farka, motar a hannunka take, mai sauraro. Idan wutar nan ta kama, a jona na'ura kafin a taɓa sifana. Ka ce a nuna maka bawul ɗin, a wanke shi da ramukansa a gabanka. In ya mutu, ka canza shi da sabon gasket, ka karɓi tsohon ka tafi da shi. Idan kuma makanike ya ɗauko faranti ya ce a toshe a huta, ka ce masa a'a. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin kanikawa, ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar bincike ko da guda ɗaya ce a kowane gareji, ku koya wa yaranku karanta ta.